Shamfu mai kuloheksidin a jinyar ƙurajen fatar kare: inda ya yi aiki da inda ya tsaya

Ga wanda ke ajiye kare domin gadin gona ko garke ko farauta, idan fatar karen ta feso da ƙuraje masu mugunya kuma gashi ya fara zuba, shamfu mai ɗauke da kashi 4 cikin 100 na kuloheksidin, sinadari mai kashe ƙwayoyin cuta a fata, yana cikin magunguna ƙalilan da zan ce sun cancanci kuɗin da aka biya. Na yi amfani da shi bisa umarnin likitan dabbobi a kan karyar da ke gadin gonar kajina a bayan garin Zariya, kuma ya warkar da ƙurajen ba tare da ta sha ƙwayar magani ko ɗaya ta kashe bakteriya ba. Sai dai yabon da zan yi masa yana da sharaɗi, domin magani ne mai cin lokaci da ruwa da haƙuri, kuma akwai nau'in ciwon fata da ba zai taɓa warkarwa shi kaɗai ba. Wanda zai je saye ya nemi kalmar chlorhexidine a jikin kwalbar tare da lambar ƙarfinsa, saboda kamfanoni da yawa ne ke yin sa da sunaye daban-daban, kuma sinadarin da ƙarfin su ne abin dubawa, ba hoton karen da ke kan kwalin ba.

Ciwon ya fara bayyana ne a tsakiyar damina, a wuraren da gashi bai da yawa, wato ƙasan ciki da hammata da matsematsi. Da farko wasu ƙananan jajayen ƙuraje ne, daga baya wasunsu suka yi farin kai, kuma da sun fashe sai su bar wani zagaye mai ɓawo a gefe, tsakiyarsa ta yi duhu. Da abin ya hau gadon baya, gashin ya riƙa zuba tsilli-tsilli har jikin ya koma kamar tabarmar da gara ta ci, ga wani ƙarni da ke tashi idan an matso kusa, ga susa ba dare ba rana. Waɗannan zagayen masu ɓawo suna ruɗar mutane sosai, domin sun yi kama da makero, kuma shi ya sa ake yawan sayen man shafawa na makero a ɓata makonni ana shafawa ba tare da an ga sauƙi ba.

Abin da ya sa na yarda da shamfun tun kafin in buɗe shi shi ne yadda likitan ya kai ga rubuta shi. Bai tsaya ga kallon ido ba. Ya manna wani ɗan farin tef a kan ƙurjin da ya fashe, ya ɗora a kan gilashi, ya rina shi, sannan ya duba a madubin likita, ya kuma kankari fatar a wurare daban-daban da reza har jini ya ɗan tsattsafo domin neman ƙwarin da ke haddasa ƙazuwa. Ya bar ni na leƙa madubin, na ga wasu ƙananan ɗigo-ɗigo masu launin shuɗi mai duhu sun taru bibbiyu da gungu-gungu, wasunsu a cikin fararen ƙwayoyin jini da suka haɗiye su. Ya ce wannan ita ce shaidar cewa bakteriya ce ke aiki, kuma mafi yawan lokaci a jikin kare nau'in da ake kira Staphylococcus pseudintermedius ne, wanda masana suka ware shi a matsayin jinsi mai zaman kansa a shekarar 2005. Abin lura game da wannan ƙwayar cuta shi ne ba baƙuwa ba ce, tana zaune a hanci da baki da fatar karnuka masu cikakkiyar lafiya, kuma ba ta yin ɓarna sai wani abu ya raunana fatar ya buɗe mata ƙofa. A jikin karyata ƙuma ce ta buɗe ƙofar. Likitan ya taje gashin gindin wutsiya a kan farar takarda mai damshi, sai baƙin ɓurɓushin da ya zubo ya narke ya koma ja, wato kashin ƙuma ne wanda asalinsa jini ne da ta sha.

Na tambaye shi ko ba zai haɗa mini da kafso ko allura ba, tunda abin da aka saba gani ke nan. Amsarsa ita ce: "Alhaji, ciwon a saman fata yake, kuma hannunka zai kai inda yake. Mu ajiye maganin sha sai ranar da muka rasa yadda za mu yi." Wannan matsayi ba nasa ne shi kaɗai ba. Ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta masana cututtuka masu yaɗuwa a dabbobin gida, wadda ake taƙaita sunanta da ISCAID, ta fitar da ƙa'idojin jinyar wannan ciwo a 2014, inda ta ba wanka da magani muhimmanci, kuma ƙa'idojin da ta sabunta a 2025 sun ƙara ƙarfafa cewa ciwon da bai wuce saman fata ba a fara masa da maganin shafawa ko na wanka kaɗai. Akwai kuma wani bincike da aka yi a Italiya aka buga a 2015, wanda ya kwatanta karnukan da aka yi wa jinya da shamfu da ruwan kuloheksidin kashi 4 na tsawon mako 4 da waɗanda aka ba maganin sha na kashe bakteriya, wato amoksisilin mai haɗe da kilabulanik, aka ga sakamakon ɓangarorin biyu bai bambanta ba. Dalilin wannan taka-tsantsan kuwa shi ne tun wajen tsakiyar shekarun 2000 aka fara ganin yaɗuwar nau'in wannan bakteriya da ba ya jin yawancin magungunan sha da aka saba da su, a Turai da Amurka ta Arewa da farko, kuma duk lokacin da aka ɗura wa kare maganin da bai buƙata ana ƙara wa irin wannan nau'in damar yin ƙarfi.

Yadda ake amfani da shamfun shi ne gaba ɗayan labarinsa, kuma a nan ne nake ganin mutane da yawa za su saya su ce bai yi aiki ba alhali ba su ba shi dama ba. Ana jiƙa karen da ruwa mai ɗumi kaɗan har ruwan ya ratsa gashi ya taɓa fata, a zuba shamfun a tafin hannu, a fara cuɗawa daga wuraren da ciwon ya fi tsanani sannan a bi sauran jiki, domin wuraren da suka fi buƙata su fi daɗewa da kumfa a kansu. Daga nan sai a bar kumfar ta zauna minti 10 cif kafin a ɗauraye. Minti goma a baki ba wani abu ba ne, amma riƙe jiƙaƙƙen kare mai ƙaiƙayi na minti goma, yana ƙoƙarin girgiza jiki da lasar kumfa da birgima a ƙasa, aiki ne na mutum biyu, kuma duk wanda ya ƙiyasta lokacin da ka ba tare da agogo ba zai ɗauraye tun bai kai rabi ba. Ni da yaron da ke kula da gonar mun riƙa saita agogon waya, shi ya riƙe ta da igiya a ɗaure gajere a jikin turke, ni kuma in ci gaba da murza kumfar a hankali ina yi mata magana, wanda hakan ya fi sa ta natsu fiye da barinta tsaye kawai. Bayan an ɗauraye sosai sai a tsane ta da tawul mai tsabta a bar ta a wuri mai iska, ba a kan turɓaya ba, domin jiƙaƙƙen kare abin da yake fara nema shi ne ƙasar da zai yi birgima.

Likitan ya tsara wankan sau biyu zuwa uku a mako, ya kuma haɗa da ruwan kuloheksidin na fesawa domin ranakun da ba a yi wanka ba. Ya ja kunnena kan abu biyu da na ga ya kamata kowane mai saye ya sani. Na farko, kada maganin ya shiga ido, domin yana iya yi wa ƙwayar ido rauni, kuma kada a zuba shi cikin kunne, domin idan dodon kunnen ya huje yana iya taɓa ji. Saboda haka fuska da tsumma ake goge ta a hankali. Na biyu, kada a haɗa shi da sabulun wanka ko garin wanki, saboda sabulu na yau da kullum yana kashe ƙarfin kuloheksidin. Idan karen ya yi dauɗa ƙwarai har sai an fara wanke shi da wani abu, to a ɗauraye tas kafin a sa shamfun. Wannan batu na biyu ba a rubuta shi a jikin kwalbar da na saya ba, kuma ina ganin babban giɓi ne, ganin cewa a wurinmu duk wanda zai wanke kare hannunsa sabulun wanki yake fara kaiwa.

Kumfarsa ba ta da yawa idan aka kwatanta da shamfun mutane, kuma hakan na iya sa mutum ya yi ta ƙara zubawa yana zaton bai isa ba, kwalbar ta ƙare da wuri. Warinsa na asibiti ne mara ƙarfi, yana gushewa idan jikin ya bushe.

Sauƙin ya zo ne daki-daki, kuma sanin jerin yana hana mutum karaya. Ƙarnin ne ya fara tafiya, tun daga wankan farko-farko. Daga nan sabbin ƙuraje suka daina fitowa, tsofaffin suka bushe, ɓawon ya riƙa saki yana fita tare da kumfa, kuma a wannan matakin jikin ya fi muni a ido fiye da lokacin da aka fara, domin gashin da ya riga ya mutu yana biyo ɓawon ya bar fili. Mai kare da bai san haka ba zai iya cewa maganin ne ke cinye gashin ya daina. Jan fatar ya lafa daga baya, ya bar tabo masu duhu waɗanda suka daɗe kafin su washe, gashi kuwa shi ne ƙarshen dawowa, domin tsirowarsa aikin makonni ne har zuwa watanni. Da muka koma wurin likitan kamar yadda ya nema, ya sake manna tef ya duba, bai ce a daina ba sai da ya ga babu sauran bakteriya a cikin fararen ƙwayoyin jini. Komawar nan ba ɓata kuɗi ba ce, domin fata tana iya yin kyau a ido alhali ciwon bai gama mutuwa a ramukan gashi ba.

Duk da haka, ba zan danganta warkewar ga shamfun shi kaɗai ba. A ranar farko likitan ya ba karyar ƙwayar taunawa ta kashe ƙuma da kaska, daga cikin sabbin magungunan da ake sayarwa da sunaye irin su NexGard da Bravecto da Simparica, ya kuma sa aka share makwancinta aka ƙone tsofaffin buhunan da take kwanciya a kai, saboda ƙwan ƙuma da tsutsotsinta a shimfiɗa da ƙasa suke, ba a jikin kare ba. Kuloheksidin ba ya kashe ƙuma, ba ya kashe kaska, ba ya kashe ƙwarin ƙazuwa. Idan aka bar abin da ke sa susa, karen zai ci gaba da yage fatarsa da farce, ƙurajen su dawo bayan an daina wanka, mai shi kuma ya ɗora laifin a kan shamfu. Haka abin yake ga karen da jikinsa ke ƙin wani abinci ko ƙura, ko tsohon kare mai matsalar sinadaran jiki, irin raunin aikin ƙullin maƙogwaro, wanda ke sa fata ta yi rauni gashi ya riƙa zuba.

Iyakarsa mafi girma ita ce ciwon da ya nutsa ƙasan fata. Idan aka ga kumburi mai tauri, da ramuka masu fitar da mugunya haɗe da jini, karen yana jin zafi idan an taɓa shi, ko ya daina cin abinci jikinsa ya yi zafi, to an wuce matakin da wanka kaɗai zai isa. Wannan nau'in ciwon yana yawan kama karnukan Jamus da ake ajiyewa a gidaje domin gadi, yana kuma fitowa a tsakanin yatsu da gwiwar hannu da haɓa. A nan dole ne a ba da maganin sha na makonni, kuma abin da ya fi dacewa shi ne a ɗauki samfurin mugunyar a kai ɗakin gwaji a shuka ƙwayar cutar a ga maganin da take ji, aikin da asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi, irin na Jami'ar Ahmadu Bello, suka fi dacewa da shi. Magungunan da likitoci ke fara zaɓa su ne irin sefaleksin, da kilindamaisin, da amoksisilin mai haɗe da kilabulanik, kuma bisa nauyin karen ake auna su. Amoksisilin zalla ko ampisilin ko fenisilin, waɗanda su ne suka fi sauƙin samu a kemis, galibi ba sa yin tasiri, domin yawancin wannan bakteriya tana fitar da wani sinadari da ke lalata su. Ko a wannan matakin shamfun yana da amfani a matsayin mataimaki, yana sassauta ɓawo yana rage yawan ƙwayar cutar a sama, amma ba shi ne jagoran jinyar ba. Haka nan kumburin damina mai ɗan rami a tsakiya da tsutsar ƙuda ke zaune a ciki, wanda ya yawaita a jikin kwikwiyo, sai an matse tsutsar ta fita kafin wanka ya yi wani amfani.

Idan aka auna shi da abubuwan da aka saba shafa wa karnuka a wurinmu, tazarar tana da faɗi, kuma wannan ne ɓangaren da ya fi damuna. Baƙin man inji da ake shafa wa kare mai ƙazuwa yana ƙona fata, kuma karen yana lashe shi ya shiga cikinsa da duk gubar da ke ciki. Ruwan wanke daɓe da bayan gida yana da sinadarai masu cin fata, ba a yi shi don jikin mai rai ba. Man shafawa na mutane mai haɗe da maganin kashe ƙaiƙayi, da allurar deksametason da wasu masu sayar da maganin dabbobi ke yi ba tare da bincike ba, suna tsayar da susa cikin kwana ɗaya ko biyu har mai kare ya yi murna, amma suna danne garkuwar fatar, bakteriyar ta samu sarari ta nutsa. Shamfun mutane ma bai dace ba, domin fatar kare ta fi tamu sirantaka a samanta kuma ba ta kai tamu tsami ba. Dabbar da ta kwana tana gadin dukiyar mutum tana da haƙƙin a yi mata magani na gaskiya idan ta kwanta ciwo, kuma addini da ya halatta ajiye kare domin gona da kiwo da farauta bai halatta a bar shi yana ruɓewa da ransa ba. Wanda ke ƙyamar taɓa kare, safar hannu ta roba mai tsawo ta wadatar da shi, kuma dama ita ce daidai ga kowa, musamman mai rauni a hannu, sannan a wanke hannu da sabulu bayan an gama.

Ta fuskar kuɗi, shamfun ba mai araha ba ne, tunda yawancinsa daga waje ake shigo da shi kuma farashinsa yana bin canjin dala. Kare matsakaici mai gajeren gashi, irin namu na gida, kwalba ɗaya tana iya kai shi ƙarshen jinya idan an yi tattali, amma babban kare mai yawan gashi zai ci fiye da haka, sai dai idan an rage masa gashin da almakashi kafin a fara, wanda kuma yana taimaka wa maganin ya kai ga fata. Samunsa ma ba kullum ba ne. Na zagaya shagunan maganin dabbobi da dama waɗanda kayan kaji da na shanu suka cika su, kuma a wani shagon an miƙo mini wata kwalba mai kyan kwali da aka rubuta cewa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma babu sunan sinadari balle ƙarfinsa. Irin wannan ban ga dalilin sayensa ba komai arahar sa. Abin da ake nema shi ne ƙarfin kashi 2 zuwa 4, da ranar ƙarewar aiki a bayyane, da lambar rajistar hukumar NAFDAC. Akwai kuma wanda aka haɗa kuloheksidin kashi 2 da mikonazol kashi 2, wanda likita kan zaɓa idan ya ga ƙwayar yis ta haɗu da bakteriyar, abin da ke sa fata ta yi maiƙo da wari mai tsami.

Wasu ƙananan aibobi sun cancanci ambato. Mai ƙarfin kashi 4 yana busar da fata idan aka daɗe ana amfani da shi, kuma na ga ɗan farin amosani a gadon bayan karyar zuwa ƙarshen jinya, wanda ya tafi da aka rage yawan wankan. Ɗauraya tana cin ruwa da yawa, abin da mai sayen ruwa a wurin 'yan garuwa zai ji a aljihunsa. Da a ce a hunturu ciwon ya same ta, da wankan ya fi wuya, domin sai an ɗumama ruwa an jira rana ta take, kuma kwikwiyo ko tsohon kare ba zai jure tsayuwar minti goma a jiƙe cikin iskar sanyi ba. A irin wannan lokacin ruwan fesawa ko kumfar shafawa da ba a ɗaurayewa sun fi sauƙi. Bayanin da ke jikin kwalbar kuma da Turanci ne cikin ƙananan haruffa, alhali waɗanda ke yi wa karnuka wanka a gonaki da rugage da gidajen mafarauta galibi ba da shi suke karatu ba, don haka ya rage ga likita ko mai shago ya yi bayanin minti goman nan da baki, ya kuma tabbatar an fahimta.

Yanzu karyar tana samun maganin ƙuma a kan lokacinsa, kuma likitan ya ce a riƙa yi mata wanka da sauran shamfun sau ɗaya a mako idan damina ta kankama, a duba ƙasan cikinta da matsematsinta duk lokacin da aka ga ta fara yawan susa. Ya ƙara da cewa idan ƙurajen suka dawo alhali babu ƙuma a jikinta, ba sabuwar kwalba za mu saya ba, gwajin abinci za a fara, inda za a tsare ta a kan nau'in nama ɗaya da ba ta taɓa ci ba na tsawon mako 8, wanda a gonar kaji yana nufin sai an hana ta kaiwa ga matattun kaji da fasassun ƙwai gaba ɗaya.